Ginshiƙin da Aka Yi wa Ƙazafi

Ranar Laraba da safe aka tarar an ɗebi tsakuwa. Gefen tarin da ke kusa da ƙofa ya rame, ga kuma sawun baro ya miƙe ya fita waje. Da a wata rana ce, da Heluma, shugaban leburorinmu, ya yi faɗansa na minti biyar an wuce wurin. Amma jiya-jiyan nan ginshiƙin gwaji ya faɗi jarrabawa, don haka kafin a gama shan shayi kowa a filin ya riga ya yanke hukunci.

Makaranta mai hawa uku muke ginawa a kan baƙar laka, irin wadda da damina take kama takalmi ta ƙi saki, da rani kuma ta bushe ta dare har hannu ya shiga. Irin wannan ƙasa ba a ɗora mata gini haka kawai. Sai an haƙa ramuka masu zurfi, a riƙa zuba tsakuwa kashi-kashi ana daɓewa da inji, har kowane rami ya cika ya zama ginshiƙi a cikin ƙasa. Kafin a amince da su, sai a zaɓi ɗaya a danne shi da jak, irin na ɗaga mota amma babba, a ga iyakar yadda zai nutse. Ni ce mai karanta agogon awo, shi ya sa ake ce mini Mai Agogo. Ƙa'ida ta ce kada ya wuce milimita goma sha biyu. Goma sha tara na rubuta da hannuna.

Wanda ya daɓe ginshiƙin shi ne Baban Daɓe, mutumin da ya shekara ashirin da biyu a kan injin nan, har in yana magana sai ka ji kamar yana jiran ƙarar ta tsaya.

"Magana a fili take," in ji Heluma, yana nuna sawun baron da ƙafa. "Ya sayar da tsakuwa, ya cika rami da ƙasa, ya yayyafa 'yar kaɗan a sama. Ga sawu, ga takardar Mai Agogo."

Injiniya ba mai son hayaniya ba ne. Ya ce Baban Daɓe ya je gida ya huta, kada kuma wanda ya taɓa kayan awo, ranar Juma'a zai aika wa kamfani rahoto. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: kora, da kalmar sata a jikin takardarsa, kuma babu filin ginin da zai ƙara ba shi inji.

Baban Daɓe bai yi musu ba. Ya cire hular kwanonsa ya ajiye a kujerar injin, ya zo wucewa ta gabana.

"'Yata, abin da kika gani kika rubuta," ya ce. "Ba ki da laifi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

*

Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya yi shekara arba'in yana bin sawun dabbobin sata. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi a ƙofar gida, sai ya koma bin sawun mutanen unguwa, aikin da ba wanda ya sa shi. Shi ya san wanda ya sayi sabon takalmi da wanda ya ari na wansa. Ya taɓa yi wa wata maƙwabciyarmu barka da juna biyu tun mijinta bai sani ba, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke?" ya ce tun kafin in kafe babur. "Ƙafarki ta dama tana jan ƙasa. Rabon da ki yi wannan tafiyar tun ranar da kika faɗi lissafi a aji huɗu."

"Kai dai, tsoho, ba ka mantuwa da abin kunyar mutum."

Na zauna a gefen tabarmarsa na kwashe labarin na faɗa masa. Ya saurara ido a rufe, har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Kin yarda ya yi?"

"Ban yarda ba. Amma agogona ya ce ya yi."

"Ni dabba na saba bi, ban taɓa bin dutse ba," ya ce. "Sai dai baro yana da ƙafa ɗaya, mai tura shi yana da biyu, ukun nan sun ishe ni. Gobe ki ɗauke ni. Kuma ki tuƙa a hankali, miji kika ɗauko, ba buhu ba."

*

Injiniya ya yi murmushi da ya ga tsoho da sanda a filinsa, amma mutum ne mai tarbiyya. Ya gaishe shi har ƙasa ya ce, "Baba, ka duba duk inda kake so."

Kaka ya durƙusa a bakin tarin tsakuwa, gwiwarsa tana ƙara. Leburori suka ajiye aiki suka zagaye shi, Heluma ma da ya zo korar su ya tsaya kallo.

"Baro uku ne, ba ƙari," in ji Kaka. "Mai turawar ya haura sittin. Ƙafarsa ta hagu waje take kallo. Duk taku ashirin sai ya ajiye ya huta." Ya miƙe ya bi sawun, mu kuma muka bi shi duu. Da muka fita ƙofa ya tsaya. "A nan kuma ya gyara hula."

"Haba Kaka! Hular ma a ƙasa ka gani?"

"A'a, wannan halin maza na sani. Ba ki ga inda sawun ya nufa ba?"

Rumfar Mai Abinci ya nufa. A gaban rumfar, inda ruwan wanke-wanke ya saba yin caɓi, ga tsakuwarmu nan an shimfiɗa ta tsaf, har an jera manyan a gefe don ado.

"Kyauta aka ba ni!" Mai Abinci ta ce, ludayi a hannu. "Ni ban aiki kowa ba."

Ba sai an tambaye ta wanda ya ba ta ba. Maigadi ne ke sulalewa ta bayan jama'a, ƙafarsa ta hagu tana kallon waje.

"Wallahi tausayi ne," ya ce da aka juyo da shi. "Kullum sai ta zame a wurin nan. Na ce kada baiwar Allah ta karye."

"Tausayi?" Mai Abinci ta riƙe ƙugu. "Shekaranjiya da ka kawo ba haka ka ce mini ba."

Aka fashe da dariya har mai walda ya zauna a ƙasa. Maigadi ya ja hularsa ya rufe ido. Da dariyar ta lafa sai lissafi ya fito: ranar Talata da yamma aka ɗebi baro ukun, ginshiƙin kuwa kwanansa goma da gamawa.

"To, ɓarawon baro daban," in ji Heluma. "Amma goma sha tara fa? Agogo ba ya ƙarya."

Gaskiyarsa, kuma farin cikin da na fara yi ya koma ciki.

*

Kafin tsakar rana wani sabon zance ya tashi. Wai Direban Tanka, mai kawo mana ruwa, sun yi cacar baki da Baban Daɓe makon jiya, wai shi ya kwarara wa ginshiƙin ruwa don ya jiƙa shi. A filin gini zance ba ya neman shaida, inuwa kawai yake nema.

Muka same shi a ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Ni?" ya ce daga can ciki. "Baba, faɗana da mutumin nan shekararsa tara, shi ne gaisuwarmu. Tun jiya abinci ba ya mini daɗi, ba wanda ya ce mini mai tuƙin jaki."

Kaka ya riga ya zagaya filin yana bin tayar tankar. Ba ta taɓa matsawa kusa da ginshiƙin ba, tsakaninsu ya fi taku arba'in.

"Ɗana, ina da ina kake zuba ruwa?"

"Wurin kwaɓa siminti, sai duron shan ruwa." Ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai. "Duron nan ma ya wahalar da ni Litinin da Talata. Sai da na haɗa tiyo biyu kafin ya kai, kuma sau biyu-biyu na cika shi. Mutanen nan sun koma raƙuma."

Kaka ya dubi duron, wanda ke zaune a rana kusa da ƙofa inda tiyo ɗaya ma ya yi masa yawa. Ni kuwa, da ake kira mai ilimin wurin, maganar ta bi ta bayan kunnena ta wuce.

*

Muka shiga ƙarƙashin tamfol ɗin gwaji. Ginshiƙin yana tsakiya da farantin ƙarfe a kansa. Agogona yana manne a jikin wani dogon ƙarfe da ya ratsa ta saman farantin, shi kuma ƙarfen yana tsaye a kan ƙafa biyu da aka kafa a ƙasa, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowace taku huɗu daga ginshiƙin. Tamfol ɗin don ƙarfen aka kafa shi, saboda rana tana lanƙwasa shi ta ɓata awo. Duk faɗin filin babu wata inuwa sai wannan.

"Amarya, shi agogon nan da me yake gane an nutse?"

"Da dogon ƙarfen. Shi ba ya motsi. In ginshiƙi ya sauka, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, allura ta nuna."

"Wa ya ce miki ba ya motsi?"

"Littafi."

"Littafin ya taɓa zuwa nan?"

Ya zura sandarsa a tsagar ƙasa kusa da ginshiƙin, ta shige fiye da taƙi. Ya je ƙafar gabas, nan ma ƙasa ta dare ko'ina. Ya je ƙafar yamma, ya daɗe a tsaye.

"Zo ki gani."

Wurin a share yake tas, an bi shi da tsintsiya. Na ce ban ga komai ba.

"Shi ne abin ganin. Ina tsagar?"

Babu. Duk filin ƙasa ta buɗe baki, amma a zagayen ƙafar nan, faɗin tabarma guda, ta haɗe ruf. Kaka ya sa tafin hannu ya kawar da ƙurar da aka share a kai. A ƙarƙashi ga zoben gindin duro ya fito sarai, ga sawun takalma birjik da suka taka wurin yana jiƙe, suka bushe a haka.

Sai na gane. Baƙar laka in ta sha ruwa kumbura take yi, wannan tun shekarar farko a kwaleji aka koya mana. In ta kumbura ta ɗaga ƙafar, ƙafar ta ɗaga ƙarfen, ƙarfen ya ɗaga agogo. Tazara ta ƙaru, allura ta ce ginshiƙi ya nutse, alhali yana nan inda yake. Na buɗe littafina. Gudun da allurar ta fi yi, bayan hutun cin abincin rana ta yi shi.

Na ruga na kira Injiniya. Ya duba ƙasar, ya duba littafin, ya cire tabarau ya mayar.

"Baba, me kake so a yi?"

"Ta mayar da allurarta kan sifiri. A kawo bokiti huɗu a shayar da ɗaya ƙafar, mai ƙishin. Ƙarfe huɗu a tara mini kowa, har da mutumin da kuka tura gida."

Injiniya da kansa ya ɗauko bokiti biyu.

*

Ƙarfe huɗu kowa ya hallara. Baban Daɓe ya zo cikin kayan gida, ya tsaya can gefe hannu a baya, kamar baƙo a filin da ya fi kowa daɗewa. Kaka ya kifa bokiti ya zauna, kuma na rantse bai taɓa jin daɗin rana irin wannan ba tun da ya bar daji.

"Heluma, yau an danna ginshiƙin nan?"

"Ba a danna ba, Baba. Jak ɗin a sake yake tun Talata."

"Amarya, karanta mana."

Na leƙa. "Milimita huɗu."

"Ƙuda ma bai sauka a kansa ba, amma ya nutse huɗu," in ji Kaka. "To ko dai aljani ne ya zauna a kai, ko kuwa agogon ne ya hau sama."

Injiniya ya yi musu bayanin laka da ruwa a taƙaice. Sai wani daga baya ya ce, "To wa ya zuba ruwan ranar gwaji?"

"Yauwa, ɗan albarka." Kaka ya nuna ƙafar yamma da sanda. "Duro ya kwana biyu a nan. An sha, an wanke hannu, an wanke fuska, an kuskure baki. Wannan sawun mai walda ne, ya zo sau uku. Wannan kafinta. Wannan Maigadi, ba sai na faɗa ba. Wannan mai tsadar na Injiniya ne."

Injiniya ya yi tari.

"Wannan ɗan ƙaramin kuma, da ya zo sau huɗu, na matata ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya ne. Sau huɗu na bar kujerata na je na wanke fuska, ina ta murna an kawo ruwa kusa. Zagayen ginshiƙin na duba na ga a bushe, ban taɓa waiwayar ƙafar ƙarfen ba, kuma duba ta aikina ne ba na kowa ba.

"Sawu ashirin da shida na ƙirga," in ji Kaka. "Duk wanda ke filin nan ya sa hannu a wannan aika-aika, sai mutum ɗaya." Ya juya ya dubi Baban Daɓe. "Kai ba ka shan ruwa ne?"

"Da gorar ruwata nake zuwa, Baba. A gindin inji nake cin abinci."

Direban Tanka ne ya fara dariya, irin mai haɗe da hawaye, sauran suka kama.

"Saura wanda ya gangaro da duron," Kaka ya ɗaga murya. "Babban takalmi, dugadugin dama an yi masa ƙusa uku. Shi ya kawo shi Litinin, shi ya mayar da shi Laraba da sassafe, shi ya yi shara."

Ido hamsin suka sauka a ƙafar Heluma. Shi ma ya dubi ƙafar tasa kamar yau ya fara ganin ta.

"Ruwan ne ya yi zafi," ya ce, muryar nan tasa mai tsorata sababbin leburori ta koma ƙarama. "Mutanena suna sha kamar shayi. Na ga inuwa, na ce bari in kai musu. Famfon duron yana ɗiga, na sani, amma na ce ai ƙasa ce za ta shanye."

"Sharar fa?" in ji Injiniya.

"Mutanen kamfani za su zo, in bar musu caɓi?"

Shekara shida ina aiki da mutumin nan, ban taɓa kama shi yana aikin alheri ba sai ranar, kuma shi ma ga yadda ya ƙare. Ya taka har gaban Baban Daɓe, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. A gabansu nake cewa ka yafe mini."

"Ya wuce," in ji Baban Daɓe. Amma bai yi murmushi ba.

Injiniya ya ce duk da haka baki ba ya goge goma sha tara daga takarda, sai wani awon. Zai riƙe rahoton, a sake gwaji ranar Asabar a kan wani ginshiƙin.

"A zaɓi kowanne," in ji Baban Daɓe. "Arba'in da ɗaya ne, duk ni na daɓe su. Heluma ya zaɓa."

*

Heluma ya zaɓi na can ƙuryar yamma, inda laka ta fi taushi, don kada a ce ya yi sassauci. Na kafa ƙafafun ƙarfen da kaina a busasshiyar ƙasa, na zurfafa su, na kewaye wurin da igiya. Heluma ya tsaya gadi da gora a hannu. Wani lebura ya zo wucewa da kofin shayi, sai da ya zagaya ta bayan ofis.

Ranar Asabar tun safe ake ƙara nauyi mataki-mataki, ina karantawa da ƙarfi kowa yana ji. Biyu. Uku da rabi. Biyar. Kaka yana kan bokitinsa, Mai Abinci tana ta tura masa abin taɓawa, Maigadi yana harararsa. Baban Daɓe bai zauna ba ko sau ɗaya.

Da yamma jak ya kai nauyin ƙarshe. Aka jira mintin da ƙa'ida ta ce. Na leƙa, na goge gilashin agogon da gefen mayafina, na sake leƙawa.

"Bakwai."

Filin ya kaure da ihu. Direban Tanka ya haye motarsa ya danne hon, ya leƙo ta taga yana kiran Baban Daɓe da duk sunayen banzan da ya tara masa na kwana huɗu. Mai walda da kafinta suka ɗaga Kaka da bokitinsa, yana ta yi musu tsawa su kula da gwiwarsa. Ni dai na zauna a kujerata ina dariya, hawaye yana ɗiga a kan littafin awo.

Sai da hayaniyar ta ragu Baban Daɓe ya matso. Ya tsuguna a gefen teburina, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ki rubuta mini lambar nan a wata takarda daban. Ki sa hannu, Injiniya ma ya sa."

"Baba, ai za ta shiga rahoto. Kamfani zai gani."

"Ba don kamfani ba." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Uwar yarana ce. Tun Laraba ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, saboda zancen ya riga ni isa unguwa. Ina so gobe ta fita da ita a hannu."

Na yage sabon shafi, na rubuta bakwai ɗin da girma yadda za a iya karanta shi daga tsallaken titi.